Gishirin Kogin Kolorado: me ya sa gyaran ya koma gona?

Rabi'u A.: Assalamu alaikum 'yan dandali. Akwai abin da nake so masana su warware mana game da Kogin Kolorado na Amurka. A inda ya taso cikin duwatsu, gishirin ruwansa bai wuce miligiram 50 a lita ba, amma kafin ya kai dam ɗin Imperial kusa da iyakar Meziko ya haura 600, a wasu shekarun ya zarce 800. Aka ce kaso mafi tsoka na kuɗin gyara a gonaki da kanal aka zuba shi, ba a cikin kogin ba. To manomi ai ruwa yake ɗiba, ba gishiri yake zubawa ba. Ta yaya gyara kunya zai rage zartsin kogi?

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam Malam Rabi'u. Ban ruwa yana ɓata kogi ta hanya biyu, kuma sai an raba su sannan maganar za ta fito.

Hanya ta farko, shuka da rana suna shanye ruwa su bar gishirin da ya zo da shi. Nauyin gishirin bai ƙaru ba, ruwan da zai sirka shi ne ya ragu. Wannan babu yadda za a yi da shi muddin ana noma.

Ta biyu ita ce ake yaƙa. Yammacin jihar Kolorado da gabashin Yuta suna zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen dutsen laka da ake kira Mancos, ragowar tekun da ya rufe yankin fiye da shekara miliyan 80 da suka wuce. Cike yake da jifsam da sauran gishiri. Ƙasa ce busasshiya, ruwan sama bai taɓa wanke shi ba. Da aka haƙa kanal aka fara malala ruwa a gonaki, duk ruwan da ya zarce saiwar shuka sai ya gangara ya kwanta a kan dutsen nan, ya narkar da gishiri, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla a rafuka da kwatoci, ya koma kogi. Ya shiga da miligiram 500, ya fito da 3,000 ko 5,000.

Abin lura shi ne, kaurin gishirin ruwan da ke fitowa ba ya sauyawa sosai ko ruwan ya yi yawa ko ya yi kaɗan, saboda yana daɗewa a ƙasa har ya ƙoshi da abin da zai iya narkarwa. Ke nan in ka rage ruwan da ke nutsewa da rabi, gishirin da ke isa kogi ma ya ragu da kusan rabi. A kan wannan lissafin aka gina shirin rage gishirin kogin gaba ɗaya.

Binciken hukumar kare muhalli ta Amurka na 1971 ya kasa gishirin kamar haka: kashi 47 cikin ɗari daga maɓuɓɓugai da zaizayar ƙasa, kashi 37 daga ban ruwa, kashi 12 daga tururin manyan dam-dam, ragowar daga ruwan da ake janyewa zuwa wasu yankuna da na birane. Jimillar abin da kogin ke ɗauka a lokacin ta kai wajen tan miliyan 9 a shekara.

Alhaji Garba: Injiniya, in kashi 47 na Allah ne, me ya sa ba a fara da shi ba? Toshe maɓuɓɓuga ɗaya ai ya fi bin manoma dubu ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya Sabo: An gwada, Alhaji. A kwarin Paradox, Kogin Dolores yana ratsa kan tulin gishiri, gishirin ruwan ƙasan wurin ya ninka na teku kusan sau takwas. Aka haƙa rijiyoyi ana zuƙe shi kafin ya shiga kogi, ana tura shi cikin wata rijiya mai zurfin kusan kilomita 5. An fara a 1996, tana kawar da wajen tan 100,000 a shekara. Sai ƙasa ta fara motsi saboda matsin ruwan. A watan Maris na 2019 aka yi girgizar ƙasa mai maki 4.5, aka rufe rijiyar, daga baya aka dawo da ita da ƙarancin matsi.

Haka masana'antar tace gishiri ta Yuma. An kammala ta a 1992 da kuɗi wajen dala miliyan 250, amma 'yan lokuta kaɗan kawai ta yi aiki, don kuɗin tafiyar da ita ya yi yawa. Bututun da ka binne a gona kuwa ba ya cin lantarki, kuma yana yin shekaru yana aikinsa.

Dakta Hadiza: In ƙara ɗan tarihi don a ga abin da ya tilasta musu. Yarjejeniyar 1944 ta ba Meziko ruwa kubik mita biliyan 1.85 a shekara, amma ba ta ce komai a kan ingancinsa ba. A 1961 yankin ban ruwa na Wellton-Mohawk a Arizona ya fara zuƙe ruwan zartsin da ya taru a ƙarƙashin gonakinsa, mai wajen miligiram 6,000 a lita, yana zubawa a kogi dab da iyaka. Gonakin kwarin Mexicali na Meziko suka fara ƙonewa. An yi shekara 12 ana ja-in-ja, sai a 1973 aka cimma matsaya: gishirin ruwan da zai isa dam ɗin Morelos, inda Meziko ke ɗibar nata, kada ya wuce na Imperial da fiye da miligiram 115 a lita, da sassaucin 30 sama ko ƙasa. Dokar yaƙi da gishiri ta biyo baya a 1974. Jihohi bakwai na kogin suka amince da iyakoki uku: miligiram 723 a lita a ƙasan dam ɗin Hoover, 747 a ƙasan dam ɗin Parker, 879 a Imperial. Yanzu ayyukan da aka yi suna hana sama da tan miliyan ɗaya shiga kogin duk shekara.

Rabi'u A.: Na gane dalilin. Yanzu a sauko gona. Manomi mai malala ruwa a kunya, daga ina zai fara?

Malam Ɗanlami: Daga agogo, tun kafin a sayi ko da bawul ɗaya.

Ɗauki hekta ɗaya ta masara a ƙasa mai matsakaicin laka. Irin wannan ƙasa tana riƙe wa shuka ruwa kamar milimita 150 a kowace mita ɗaya ta zurfi. Saiwa ta kai mita ɗaya, ana so a shayar idan rabi ya ƙare, wato milimita 75. Milimita ɗaya a hekta kubik mita 10 ne. In muka ɗauka kashi 60 cikin ɗari na ruwan ne zai tsaya inda ake so, sai a saki milimita 125, wato kubik mita 1,250. Idan ƙofar gonar tana ba da lita 30 a daƙiƙa, kubik mita 108 ke nan a awa, aikin awa 11 da rabi ne. Amma al'adar manoma da yawa ita ce a buɗe da safe a dawo gobe da safe, saboda ya fi sauƙi. Awa 24 ta zuba milimita kusan 260. Shuka ta ɗauki 75, saura 185 ya tafi. Wani ya fita ta ƙarshen gona, wani ya nutse.

Wanda ya fita ta ƙarshen gona asara ce ga manomi, amma gishirin da yake ɗauka kaɗan ne, tunda saman ƙasa ya bi. Wanda ya nutse shi ne mugun. A ce milimita 300 ne suka nutse a kaka ɗaya: kubik mita 3,000, kowanne ya ɗebo kilo 4, tan 12 ke nan daga hekta ɗaya tak.

Bayan agogo sai daidaita ƙasa. A baje gona da injin leza, gangaren kwarin kunya ya tsaya tsakanin kashi 0.1 da 0.5 cikin ɗari. Duk kwazazzabo ko tudu a tsakiya yana sa a ƙara awanni don jiran wuri ɗaya ya jiƙa. Sannan tsawon kunya: a ƙasa mai yashi mita 100 ma ta isa, a laka za a iya kai 300 ko fiye. Ƙa'idar da ake bi ita ce ruwa ya isa ƙarshen kunya cikin kashi ɗaya bisa huɗu na lokacin da ake so ya yi yana shiga ƙasa. In ya ɗauki fiye da rabi, kan gonar ya sha ya ƙoshi har ya zubar alhali ƙarshenta bai jiƙa ba. Maganin shi ne a ƙara ƙarfin ruwa a farko, in ya isa ƙarshe a rage shi zuwa rabi. Amma ƙarfin yana da iyaka: raba 0.6 da gangaren, abin da ya fito shi ne lita a daƙiƙa da kunya za ta ɗauka ba tare da ta zaizaye ba. Gangare 0.3, lita 2.

Kayan awon ma ba tsada. Rodi mai tsawon mita ɗaya da rabi, a yi masa mariƙi a sama, a ɗan kumbura bakinsa. Kwana ɗaya bayan shayarwa a danna shi a kan gona, tsakiya da ƙarshe. Yana shiga sumul a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tsaya cak inda ta bushe. In ya nutse har mariƙi a kan gona alhali masarar ba ta kai gwiwa ba, ka san inda ruwanka ya tafi.

Alhaji Garba: Wannan na ƙarshen shi ne gaskiya. Shayarwar farko ta fi kowace ɓarna. Ƙasa a sake bayan huɗa, saiwa ba ta wuce taki ɗaya ba, ruwa kuma yana tafiyar hawainiya.

Malam Ɗanlami: Shi ya sa aka kawo bawul mai juya ruwa. Bututu mai ƙananan ƙofofi ake shimfiɗawa a kan gona, kowace ƙofa tana kallon kunya ɗaya, bawul ɗin a tsakiya da ɗan agogonsa mai aiki da hasken rana. Ya ba ɓangaren dama ruwa na ɗan lokaci, ya juya hagu, ya dawo. A tsakanin nan saman ƙasar da ta jiƙa yana lafawa ya toshe ƙananan ramukansa, in ruwa ya dawo sai ya wuce da sauri zuwa busasshen wuri. Juyi huɗu zuwa shida ya isa ƙarshe, sannan a koma gajerun juyi don jiƙawa. A ƙasa mai yashi-yashi da shayarwar farko yana yin abin mamaki. A baƙar laka mai tsagewa kuwa amfaninsa kaɗan ne, don tsagar ce ke shanye ruwan. Abin da ke kashe shi kuma ciyawa da kara ne da ke maƙalewa a faifan bawul ɗin, dole a sa raga a bakin shiga.

Injiniya Sabo: Malam Ɗanlami, ban ƙi taka ba, amma ni kanal zan sa a gaba. Gona ana shayar da ita kwana ɗaya a huta kwana goma. Kanal kuwa ruwa na kwance a cikinsa dare da rana tun daga Afrilu har Oktoba. A Grand Valley, wajen garin Grand Junction, babban kanal ɗin gwamnati ya bi gindin tuddai ne, a wurare da dama cikin dutsen Mancos ɗin kansa aka sare shi.

Ga yadda ake auna yoyo: a datse wani yanki na kanal gaba da baya, a cika shi, a kafa sanda mai lamba, a duba saukar ruwan kullum, a cire na tururi. Misali ƙaramin reshe mai tsawon kilomita ɗaya, faɗin jiƙaƙƙen cikinsa mita 2, yana sauka santimita 15 a rana. Kubik mita 300 ke nan a rana, 60,000 a kwana 200. In kowanne ya ɗauko kilo 3.5, tan 210 daga reshe ɗaya.

Ƙananan rassa a mayar da su bututun roba a binne. Manya a shimfiɗa musu leda mai kauri, a sa kyallen kariya sama da ƙasa don kada dutse ya huda ta, sannan a fesa kankare kaurin santimita 7 zuwa 8. Kankare shi kaɗai ba ya daɗewa a can: ƙasar tana kumbura in ta jiƙa, sanyin hunturu yana ɗaga ta, sinadarin salfet da ke cikinta kuma yana cin siminti na gama-gari, sai mai jure salfet. Akwai kuma ruwan da ake saki a kanal lokacin hunturu don shayar da dabbobi kawai. A yankin Gunnison an tsayar da shi aka ja wa makiyaya famfo, gishiri mai yawa ya ragu da wannan kaɗai.

Malam Ɗanlami: Ba musu, amma kanal mai kyau da ke kai ruwa gonar da ake bari a buɗe awa 24 bai gama aiki ba. Biyun tare suke tafiya. Alherin bututu ma shi ne matsin da yake bayarwa kyauta: kowace mita 10 ta gangare tana ba da matsin "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. In kanal yana mita 30 sama da gona, an sami bar 3, ya isa juya na'urar yayyafi ba tare da inji ba. Haka aka yi a yankin Uinta da Price-San Rafael na Yuta.

Dakta Hadiza: Ku dakata kaɗan, kada mai karatu ya ɗauka burin shi ne kada ko ɗigo ya wuce saiwa. Wanda ya yi haka ya tsira da kogi ya kashe gonarsa. Ruwa mai awon gishiri 1 a mitar EC, wato na'urar da ke auna zartsin ruwa, yana ɗauke da miligiram kusan 640 a lita. Ka zuba milimita 1,000 a hekta, ka zuba tan 6.4 na gishiri. Dole wani kaso ya wuce ya wanke shi.

Lissafin kason: awon ruwa, a raba shi da abin da ya rage in aka ninka juriyar shuka sau 5 aka cire awon ruwan. Juriyar masara 1.7 ce, tumatir 2.5, shinkafa 3, alkama 6, albasa 1.2 kacal. Da ruwa mai 1.1, masara na buƙatar 1.1 a raba da 7.4, kashi 15 cikin ɗari. Albasa kashi 22, alkama kashi 4. In masarar na shan milimita 700 a kaka, a ba ta 824, wato 124 na wanki. Tsakanin 124 ɗin nan da 300 ko 400 da ake zubarwa, nan ne gyaran yake. Kuma ba lallai a yi wankin a kowace shayarwa ba. Ya fi inganci a tara shi a yi sau ɗaya lokacin sanyi ko kafin shuka, a hankali, don ruwan da ke tsuma sannu ya fi kwasar gishiri a kan wanda aka malala ya bi tsaga.

Hajiya Binta: Ni ina da ja a kan yayyafi, kuma masu shirin ma sun san da ita. Na'urar yayyafi tana kai ingancin ban ruwa kashi 75 zuwa 85, malala kuwa sau da yawa ba ta kai 50 ba. Amma da zarar ruwa ya isa ko'ina daidai, shuka ta fi yawa, ta fi sha. Tudun da bai taɓa jiƙa ba yanzu ya yi kore. Manomi ya ga rarar ruwa ya buɗe sabon fili a kan dutsen da ba a taɓa wanke shi ba, wanda ya fi tsohuwar gona gishiri nesa ba kusa ba. Nauyin gishiri ya ragu a takarda, ruwan sirki ma ya ragu a kogi. In ba a ɗaure tallafin da sharaɗin kada a faɗaɗa gona ba, an yi ba a yi ba.

Na biyu, yoyon kanal na shekara ɗari shi ya raya fadamu da bishiyoyin da ke gefensa. Ka toshe shi su bushe. Shi ya sa doka ta wajabta a samar wa namun daji da tsuntsaye wani wuri madadinsa, kuma kuɗin yana shiga lissafin kowane tan.

Injiniya Sabo: Haka ne Hajiya. Da ma da farashin tan ake zaɓen ayyuka: wanda zai cire tan ɗaya da kuɗi mafi ƙaranci shi ake ba wa. Gwamnatin tarayya na biyan kashi 70, jihohin kogin 30 daga kuɗin lantarkin dam-dam. Akwai ribar da ba a nema ba kuma: dutsen Mancos yana da sinadarin seleniyam mai cutar da kifi, kuma ruwan da ke ɗauko gishiri shi ke ɗauko shi.

Yayyafi a kan lakar Mancos yana da nasa tarko. Ƙarshen na'ura mai zagayawa yana zuba ruwa da sauri fiye da yadda laka ke sha, sai ya taru a kwari ya nutse a wuri ɗaya. A sa bakuna masu watsawa da faɗi, kowanne da abin daidaita matsi, a ƙara gudun na'urar. Duk shekara a jera gwangwanaye a ƙarƙashinta a auna. Bakin da yashi ya cinye yana zuba fiye da ƙima ba wanda ya sani.

Rabi'u A.: To mu a Kadawa da Haɗeja da ake ganin farin ɓawo a kan ƙasa, abu ɗaya ne?

Dakta Hadiza: Sanadin ɗaya ne, ruwan da ya wuce kima, amma ciwon daban. Ruwan dam ɗin Tiga mai daɗi ne, kuma ƙarƙashin Kano tsohon dutse ne, ba ragowar teku ba. Don haka kogin bai cika ɗaukar zartsi ba, gonar ce ke shan wahala. Ruwan ƙasa ya taso saboda yoyo da malala da kwatocin da kacalla da laka suka toshe. In ya kai mita ɗaya daga sama, zafin rana ya riƙa jawo shi, ya bar kanwa a fuska. Ƙasar kanwa kuma ba a wanke ta da ruwa zalla, don ruwa mai daɗi yana ƙara daskarar da ita. Sai an yashe kwata tukuna, a zuba jifsam gwargwadon abin da gwajin ƙasa ya nuna, sannan a wanke.

Sa ido kuma mai sauƙi ne: bututun roba inci 2, tsawon mita 3, a tsattsaga mitar ƙasa, a binne da tsakuwa kewaye, a rufe bakin. A auna duk sati biyu. In ruwan ƙasan ya fi mita 2 nisa daga sama lafiya, in ya taso zuwa mita ɗaya da rabi a fara rage awanni.

Alhaji Garba: Kuma kafin wani ya ce a kwaso na'urorin yayyafi a kawo mana, a tuna Bakalori. Mafi yawan filin da yayyafi aka tsara shi, da lantarki da kayan gyara suka gagara sai ya tsaya.

Hajiya Binta: Masu tumatir da albasa da ke komawa ban ruwan ɗigo su kula da abu uku. Gishiri yana taruwa a gefen da'irar da ta jiƙa, za ka ga farin zobe tsakanin layuka. In aka yi ɗan yayyafin ruwan sama, yana tura zoben nan cikin saiwa, shuka ta ƙone cikin kwana biyu. Saboda haka in hadari ya sauko kaɗan, kunna ɗigon ake yi, ba kashewa ba. Na biyu, kafin sabuwar shuka a wanke gonar da malala ko yayyafi, musamman in za a sauya wurin layi. Na uku toshewa: a sa matata mai raga lamba 120, a buɗe ƙarshen tiyo duk sati biyu har ruwan ya fito garau, in ruwan yana da farar ƙasa a sa asid a sauko da pH, wato awon tsamin ruwa, zuwa wajen 6.5. Idan kashi ɗaya cikin biyar na ramukan suka toshe, manomi zai ƙara awanni saboda shukar da ta yi yaushi, sauran huɗun kuma su koma zubar da ruwa ƙasa.

Malam Ɗanlami: Malam Rabi'u, in za a duba ko gyara ya yi aiki, kada a auna EC na kwata kaɗai. Kamar yadda Injiniya ya faɗa, zai iya tsayawa inda yake, har ma ya ɗan hau. A auna yawan ruwan da ke fita, a ninka da gishirin. Kuma a yi awon bayan an rufe kanal, lokacin da duk abin da ke gudu a kwata daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Ruwan da ya riga ya taru yana ɗaukar shekaru kafin ya tsiyaye, don haka awon shekarar farko ba ya yanke hukunci.

Injiniya Sabo: Ƙari ɗaya ga wanda zai binne bututu: a sa bawul ɗin fitar da iska a kowane tudu da kuma bayan kowace doguwar gangara, a cika layin a hankali ranar farko, gudun ruwan kada ya wuce mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Iskar da ta maƙale da rufe bawul farat ɗaya su ne ke fasa bututu, kuma fashewar da ke ƙarƙashin ƙasa tana iya yin wata tana yoyo kafin saman ya nuna danshi.